Dulali

A gidan tsofaffi na Accrington,
ɗaki na sha ɗaya, gefen taga,
kakana Wilfred Ormerod na zaune da kwat a jiki,
jaka a cinya, tun asuba.

Mai jinya ta ja ni gefe, ta rage murya:
"Ya ɗan yi dulali, sai haƙuri."
Haka muke cewa a garinmu
in kan mutum ya kwance.
Ba sharri take nufi ba. A bakin uwarta ta tsinci kalmar,
kamar sisi a aljihun tsohuwar riga.

Ba ta san sunan gari ba ne.
Deolali, can ƙasar Indiya,
sansanin da ake tara sojan da wa'adinsu ya cika
su jira jirgin ruwan gida.
Wata ya tsaya, wata ya mutu, babu jirgi.
Zafi, sauro, caca, zazzaɓi,
har wani ya soma sara wa bishiya,
wani na hira da takalminsa.
Sunan garin ya biyo su cikin kaya,
ya sauka a gaɓa, ya tuɓe kaki,
ya shige mashaya da ɗakin girki.

Kakana ya yi wata biyar a can.
Da can ba ya zancen.

Ba ita kaɗai ya zo da ita ba.
In zai leƙa tukunya, sai ya ce bari ya yi shufti,
Larabci ne, aron abokinsa da ya yi Masar.
Gida kuwa Bilaiti,
daga kalmar da Indiyawa ke kiran abin da ya zo daga waje.
Sunan da aka yi maka na baƙunta,
shi ka rungume kana kukan kewar gida.

Yau ya riƙe hannuna, bai shaida ni ba.
"Yarinya, an liƙa sunayen? Ina ciki?"
Na dubi allon bango:
lokutan shan magani, aski ranar Laraba.
Na ce, "Tukuna, Kofur."
Ya gyara zama. "Gobe ke nan."

Ruwa na dukan motoci a waje.
Mai jinya ta kawo shayi,
ta ce ya cire kwat. Ya ƙi.

Ban gyara mata magana ba.
Ta faɗi inda yake.