Kwalabe Huɗu a Kan Kwara

Almu ya dawo da jaka biyu da labari guda:
shekara goma sha ɗaya yana riƙon faranti
a jirgin ruwa mai hawa uku, can Faransa,
inda tsofaffin Nasara ke biyan kuɗin gida sukutum
don su zauna kogi ya yi yawo da su.
Da hantsi a nuna musu ganuwa da majami'u,
da la'asar a jera musu kofunan giyar inabi,
su juya, su shinshina, su kurɓa,
su lumshe ido, su tofar a bokiti.
Na ce, tofarwa? Ya ce, wallahi. Kuɗinsu ne.

To, mu ma da koginmu.

Ran Asabar na ja shi bakin ruwa, ƙarƙashin tsohuwar gada.
Tinni ya kwance kwalekwalensa mai rumfar tabarma,
injin ya yi tari uku kafin ya yarda.
Tsakanin ƙafafuna kwando,
kwalabe huɗu naɗe da jiƙaƙƙen buhu.

Yamai ta ja baya a hankali.
Masu wanki sun shanya wa gaɓa tufafin rabin gari.
Wani jirgi ya gangaro maƙil da kabewa,
saura taƙi ɗaya ruwa ya leƙa ciki,
matuƙin na bisa, yana cin rake.
Lambunan Gudal, salati da kabeji,
yaro da gwangwani biyu yana hawa yana sauka.
Ba mu da ganuwa, Almu. Ga balbela, duba.

Na buɗe ta fari, tsamiya.
Ya riƙe kofin roba da yatsu uku, ya ɗaga wa rana,
ya juya, ya sa hanci, ya gyara murya:
"Ta bara ce. Itacen ya sha wuya.
Akwai hayaƙi kaɗan a wutsiyarta."
Tinni ya yi dariya har jirgi ya karkata.

Ta biyu citta. "Wannan mafaɗaciya ce,
sai ta wuce maƙogwaro take faɗin abin da ya kawo ta."
Ta uku kunun aya da dabino,
ya ce ba shi da abin cewa, mai ladabi ne.
Tinni ya miƙo kwanonsa:
"Ni ban yi lakkwal ɗin tofarwa ba, a ƙaro."

Kusa da Bubon ya kashe inji, ya nuna da haɓa.
Kunnuwa biyu a kan ruwa, sai huci,
dorina ta dube mu kamar masu bin ta bashi,
ta nutse.

Nan na ciro ta huɗu.
Zoɓo, ja har ya yi baƙi.

Ya juya. Ya sa hanci.
Hannun ya tsaya.

Kanumfari uku, ba huɗu ba,
ɓawon lemun tsami, na'a-na'a a ƙarshe.
Furen kuwa daga ƙullin nan ne
da Inna ta rataye a ɗakinta a Tawa,
kakar ƙarshe da ta tsinka da hannunta,
kafin daminar da muka kira ka a waya
kana tsakiyar wani kogi, faranti a hannu,
aka ce ba mai canjinka sai jirgi ya tsaya.

Na ce, malam mai hanci, ta wace shekara ce?

Bai amsa ba. Ya kurɓa.
Tinni ya juya jirgi, ya bar ruwa ya ɗauke mu,
jemagu suka fara ƙetare kogi,
wani masallaci a Harobanda ya riga sauran kira.
Ina kallon kumatun ƙanena:
har fitilun gada suka bayyana
bai haɗiye ba.