Zagaye Uku

A Atbara, a ɗakin bayan gida
da Sittana ta so ta mayar rumbun gawayi,
na shimfiɗa dogo a kan tsohon ƙyaure,
na ɗora shi bisa bulo huɗu.
Tasha biyu, gada ɗaya,
tankin ruwa na gwangwanin madara.

Shekara talatin da ɗaya na yi a wokshop na reluwe,
hannuna ya san ƙarfe ko a duhu.
Kan jirgina na fari, baƙi,
wani injiniya ya sayar mini ranar da zai bar gari.
Bai fi tafin hannu ba, amma ɗaga shi ka ji.
Ya girmi 'yata ta biyu.
Har yau, ɗigon mai ɗaya,
ya kama hanya, ƙaf-ƙaf-ƙaf, ba gardama.

Na bana kuwa, kwalinsa ya fi shi kyau.
Wata bakwai ina tsakurar fansho.
Mirgani ya taho da shi daga Jidda,
naɗe cikin mayafin matarsa kamar jinjiri.
Muka taru bayan la'asar,
ni, da Tanko mai walda,
da Sirral-Hatim da ido ya fara yi wa rowa.
Aka zuba gahawa da citta. Na ɗora shi a dogo.
Zagaye uku ya yi.
A na huɗu, daidai kan gada,
ya yi tari, ya tsaya,
fitilarsa tana kallonmu.

Na buɗe cikinsa.
Haƙoran giya roba ne,
irin robar murfin jarka,
biyu sun zube tun bai tauna komai ba.
Inda ya kamata a ɗaura noti, gam aka shafa.
Wanda ya ƙera shi
bai taɓa zaton wani zai so shi
har ya nemi gyara shi ba.

Na buga lambar da ke jikin kwali.
Kiɗa. Sai wata murya da ba ta numfashi:
danna ɗaya, danna biyu,
kiranka yana da daraja a wurinmu.
Minti ashirin na yi ina da daraja,
katina ya ƙare.
Jikana Mujtaba ya rubuta musu, har da hoto.
Sati biyar, amsa ta iso:
mun gode da ƙauna,
wannan samfurin an daina kayan gyaransa,
ga sabo ya fito, da rangwame.
Babu sunan kowa a ƙasa.

Da can akwai wani tsoho mai shago a Khartum.
Ka ba gadan jirgin Asabar wasiƙa,
na Talata ya dawo maka da sukurori uku a ambulan,
da rubutun hannu: a gaida yara.
Sau ɗaya ya aiko da ba daidai ba,
ya yi ta ba ni haƙuri har shekara ta juyo.

Tanko ya ce a jefar.
Sirral-Hatim ya shafa shi da yatsa, ya ce,
"Ai ba don mu aka yi shi ba, don hoto aka yi."

Dare uku ina goge tagullar tsohon famfo,
haƙori sha biyu, da zarto da tabarau biyu a hanci.
Giyar ta zauna daram.
Ya yi zagaye tara, har Sittana ta leƙo,
sannan mota ta yi ƙaurin wayar da ta ƙone.

Yanzu baƙin tsohon ne ke jan sa,
a bayan taragon gishiri, kafin na fasinja.
Fitilar dai tana kamawa, ban hana shi wannan ba.
Mujtaba ya fi son sabon, wai fentinsa ya fi sheƙi,
yana tambaya yaushe zai tafi da ƙafarsa.
Na miƙa masa kwalbar mai,
na nuna masa inda ake ɗiga wa tsohon.