Kujera Ta Goma Sha Ɗaya

Ni ke share zauren majalisar kansiloli,
ni ke jera kujeru tun da sanyin safiya:
biyar a dama, biyar a hagu,
ɗaya kuwa na rasa inda zan ajiye ta.

Ta Tsalha ce, kansilan bakin fadama,
mai sayar da bandar kifi ran kasuwar Gujungu,
wanda jam'iyyarsa ko ofis ba ta da shi
sai tuta guda ɗaure a jikin giginya.
Bara in ya yi sallama da ka ake amsa masa.
Bana ƙofar gidansa ta zama tasha:
'yan dama da buhun taki bayan isha'i,
'yan hagu da ɗan maraƙi kafin asalatu.
Matarsa Ladidi ta gaji da damun fura.

Sau huɗu ana zaman zaɓen kakaki.
Magatakarda ya ce a ɗaga hannu,
biyar suka miƙe kamar karan dawa,
biyar suka kwanta a cinya.
Tsalha na sakace,
yana kallon fankar da ba ta juyawa.
Aka ce, me kake so? Mataimaki? Kwamitin kuɗi?
Ya ce, jinga.
A ɗaure mana jinga kafin kogi ya kawo,
a sare kachallar da ta toshe hanyar ruwa,
sannan ku ga hannuna.

Dama suka ce, zaɓe mu tukuna.
Hagu suka ce, zaɓe mu tukuna.
Kasafi na nan cikin fayil,
gara ta fara karanta shi daga shafin ƙarshe.

Wasu sun ce Tsalha namijin duniya ne.
Wasu sun ce farashi yake jira ya hau,
ɗan kasuwa ba ya sallamawa da safe.
Ni dai tsintsiya ce aikina.
Amma na ga maraƙin nan a turke,
ya yi ƙiba.

Jiya ƙanena ya bugo daga ƙauye:
ruwa ya kai gwiwa a gonar shinkafa,
ya shiga firamare ba sallama,
bai tambayi jam'iyyar kowa ba.

Yau ma na jera kujeru.
Goma sun cika.
An ce Tsalha na can cikin kwalekwale
yana kwasar tsofaffi da awaki.
Magatakarda ya ƙirga hannu:
biyar.
Ya juya ɗaya ɓangaren, ya gyara tabarau:
biyar.