Katangar Juma'a

Ƙarfe bakwai a Geelong, tsakiyar watan Yuli,
sanyi na cizon yatsa ta cikin safar hannu.
Na ɗaga ƙofar rumfar koyarwa,
su goma sha ɗaya na jira,
kowa da harshen da ya yi mafarki da shi daren jiya.

Marilou 'yar Iloilo, ta kwana juya tsofaffi a gidan jinya.
Yeison, akawu ne a Pereira,
a nan ƙanzon tukwane yake kankarewa bayan gidan abinci.
Sai Sujan Tamang, ɗan tsaunukan Nepal,
wanda maganarsa ta mako ba ta cika cokali ba.

Nakan ce musu: zare ba ya ƙarya.
Ja shi ya miƙe, ka bi shi,
kada tubali ya taɓa shi, kada kuma ya guje shi.
Kwaɓi kaurin ƙaramin yatsa, kar ka ƙara.
Ɗigon iskar nan da ke yawo cikin ma'auni
ba ya jin Turanci, ba ya duba biza.
In ya zauna tsakiya, ka ci.
In ya karkata, sake.

Akwai dai abin da ban faɗa ba ran Litinin.
Kwaɓinmu babu siminti,
yashi ne da farar ƙasa, riƙonsa na ɗan lokaci.
Ran Juma'a, in na gama zagayawa da alƙalami,
kowa zai rushe abin da ya gina,
ya kankare tubalan, ya jera wa mako mai zuwa.
Akwai tubali a nan da ya hau katanga sau ɗari uku
bai taɓa kare kowa daga ruwan sama ba.

Yeison ya yi dariya, ya sa ƙafa, tasa ta zube.
Marilou ta ɗauki hoto tukuna, don 'yarta ta gani.
Sujan ya tsaya gaban tasa,
layi tara, kusurwa kamar an yanka da wuƙa,
guduma na rataye a hannunsa.

Na ce, lokaci na tafiya.
Bai dube ni ba ya ce:
"A garinmu ƙasa ce ta yi wannan aikin,
cikin minti ɗaya.
Gidan babana dutse ne da laka.
Ban ci bashin kuɗin jirgi don in zo in taya ta ba."

Shekara talatin ina koyar da gini,
ban sami abin ɗorawa kan wannan ba.
Nawa uban ma jirgin ruwa ya kawo shi daga Treviso
da cokalin gini naɗe cikin rigar sanyi,
kalmarsa ta Turanci biyu: gobe, da nawa.

Na karɓi gudumar na ajiye.
Muka sauke katangar da hannu, daga sama,
ɗaya bayan ɗaya, yana miƙo mini ina kankarewa,
har masu shara suka kashe rabin fitilu.

Da bazara ta shigo, makaranta ta nemi shinge
a bayan kicin, inda ake ajiye kwandunan shara.
Ba aikin da za a sa a jarida ba ne.
Na ba shi bulo mai rami, na ba shi rodi,
na ba shi siminti na gaske, buhu shida.
Na nuna masa yadda ƙarfe ke tashi daga harsashi
ya ratsa cikin bulo, kankare ya bi shi ya cike,
yadda bango zai yi rawa in ƙasa ta motsa
amma ya ƙi durƙusawa.
Ya zana komai a bayan takardar kuɗin haya.

Yanzu yana Ballarat, wajen wani ɗan kwangila.
Shingen na nan.
Motar shara ta doke shi sau biyu,
fitilarta ce ta fashe.