Karolina a Tsakar Gidanmu

Wata biyu ke nan Zabairu bai taka lakkol ba,
tun da kabu-kabu ya zubar da shi a hanyar kasuwar Tawa.
Ni kakansa, da na shekara talatin a gidan waya
ina buga hatimi kan sunayen garuruwan da ban taɓa gani ba,
sai ga ni na zama mushe da furfura,
allona ƙasa, allina tsinken dalbejiya.

Balkisa ce ta aiko littafin daga can,
cikin jakar wani direba, tsakanin man zafi da takalma.
Bangonsa na sheƙi kamar an shafa masa mai.
Rubutun ya fi ƙarfinmu, mu duka biyu,
amma hoto ba ya neman tafinta.

Ga jan tsuntsu da tukku kamar ɗan gata,
ga duwatsu shuɗɗa sun yi layi a yamma,
ga teku a gabas yana lasar rairayi,
ga doguwar hasumiya mai zanen baƙi da fari
tana yi wa jiragen ruwa nuni da dare.
Karolina ta Arewa, in ji uwarsa a waya.
Zabairu ya ce, ashe su ma suna da Arewa,
to ina nasu Adar ɗin?

Ran Talata muka kwaɓa laka.
Na zana iyaka, ya ce na karkace,
ya jawo jiki da ƙafar a miƙe ya gyara.
Tsakuwar bakin rariya ta zama duwatsu,
tasar wanki ta zama teku,
shuɗin bula kaɗan, sai ga igiyar ruwa.
Gwangwanin tumatir uku da tocila a kai:
hasumiyarmu ta tsaya, ko da a ɗan gicciye.
A tsakiya muka binne dankali biyu,
don littafin ya nuna gonarsa har shafi uku.

Ya ce, Kaka, ina ɗakin Inna?
Na duba littafin daga fari har ƙarshe,
akwai tsuntsu, akwai fure, akwai tuta,
ba a sa ɗakin ƴata ba.
Na ɗauko kwalin ashana na aje kan laka,
na ce, nan.
Bai tambaye ni yadda na sani ba.
Ya buɗe kwalin kaɗan, wai don ta sha iska.

Da magariba na kawo lemu da fitila
in nuna masa dalilin da ba ta ɗaukar waya da hantsi.
Na juya lemun a hankali:
mu muna sallar azahar, ita tana neman makullin ƙofa,
mu muna shimfiɗa, ita tana tsaye a bakin aiki.
Ya karɓi lemun ya murza shi da sauri,
ya ce, haka za ta fi saurin dawowa.

Da asuba akuyar Tanti Dije ta shigo ta tsallake iyaka
ba takarda, ba biza,
ta tone dankalin, ta shanye rabin tekun.
Na zaci zai yi kuka.
Dariya ya yi har filastar na rawa.
Kwalin ashanar kawai ya lalubo ya sa a aljihu.

Yanzu ya ƙwace mini aikin.
Ya yage tsakiyar kayensa na lissafi,
wai ita ma tana bukatar littafi, kada ta ɓata hanya.
Shafin farko ya zana tabki da shanu a baki,
na biyu buhunan albasa kan babbar mota,
na uku wani tsoho mai kunnuwa kamar faifai.
Na ce, wannan fa?
Ya ce, tsaya, kar ka motsa, ban gama hancin ba.