Sai Kuma Me?

Ranar Laraba, bayan an tashi,
ruwan Agege na dukan kwanon rufi
kamar mai bin bashi,
na ce wa 'yan ajin ƙarshe: yau babu nahawu,
ciniki za mu koya.

Suka bushe da dariya,
su da aka yanke wa cibi a bakin kasuwa.

Na rubuta a allo: Nawa ne jami'a?
Tukur ya ɗaga hannu, wayar yayansa a tafi,
gilashinta a tsage kamar diddigen ɗan dako,
ya karanto adadi guda, ya zauna
da murmushin wanda ya tsinci dami a kala.

Na ce, madalla. Sai kuma me?

Shiru.
Jirgin ƙasa ya wuce ta bayan katanga,
tagogi suka yi kyarma.

Na ce, Tukur, kwandon tumatir na babanka,
yadda ya saya a gona
haka yake isowa Legas?
Ya ce, haba Malama!
Ga mota, ga lodi, ga saukewa,
ga na masu shinge, ga la'ada,
ban da wanda ya ruɓe kafin a tsallake Jebba.

Na ce, to karatu ma kwando ne. Ku tona.

Suka tona.
Kuɗin fom. Kuɗin jarrabawa.
Kuɗin karɓar gurbi, wanda ake biya
tun ƙafa ba ta taka ƙofar ba.
Kafayat ta kira 'yar gwaggonta a Akoka,
muka kasa kunne ta cikin ƙarar ruwa:
gado a ɗakin kwana sai mai rabo,
in ka rasa, haya ce a waje, har da na dillali,
farar rigar ɗakin gwaji,
hotuna takwas,
gari da ƙuli na ƙarshen wata.
Nafi'u ya lissafa danfo zuwa Ojo da dawowa,
ya ninka da kwanakin zango,
ya sake ninkawa, don bai yarda da biron ba.

Na ce, ku duba kwanan watan kowace takarda,
farashin bara ya riga mu gidan gaskiya.
Kada ku yarda da baki ɗaya.
Ku tambayi ofis,
sannan ku tambayi wanda takalmin ke matsa.

Can lungu Hansatu ta ninke takardarta
gida biyu, gida huɗu, gida takwas,
har ta koma kamar laya.
Mahaifiyarta waina take toyawa a bakin masallaci,
kuma yarinyar ta iya lissafi fiye da ni.
Ta riga ta raba jimillar da farashin waina.

Ban yi mata wa'azi ba.
Na dai ba su labarin wata yarinya
da ta isa layin rajista da kuɗin makaranta cif
ƙulle a bakin zane,
kuɗin injin markaɗen uwarta ne da aka sayar,
aka ce mata saura kaza, da kaza, da kaza.
Ta koma gida. Shekara biyu.
Ban faɗi sunanta ba.
Alli dai ya karye a hannuna.

Na ja layi, na raba allon biyu.
Wannan gefen, na ce, na ƙofofi ne:
tallafin jiha, da ranar da ake rufe shi,
adashi tun daga watan nan,
ɗinkin hutu,
makaranta ta kusa wadda ba ta cin kuɗin gado,
rance, amma a karanta ƙananan rubutun
kamar yadda ake tsince tsakuwa a shinkafa.
Mai auna zurfin ruwa da sanda
ba tsoro yake ji ba, tsallakewa zai yi.

Ruwa ya tsagaita. Aka watse.
Ina goge allo na ji motsin takarda a bayana.
Hansatu ce, ta warware layarta,
tana goge ta da tafi a kan benci,
biro a baki.

Malama, ta ce, ba ta ko ɗago kai ba,
na rubuta adashi.
Sai kuma me?