Lambobi Shida

Shekara uku ina gina wani gida da ba tubali,
a cikin wayar da gilashinta ya tsage ta kusurwa.
Da rana ina ɗinki a shagon Malam Issaka a Aboabo,
da dare, in keke ya yi shiru,
ni ne Damisan Asawase,
mai jan sulke, mai bindigar da na saya
da kuɗin kokon safiya goma sha tara da na haƙura da shi.

Saƙon ya zo ranar Laraba bayan isha'i.
An ɗauke wuta, fanka ta tsaya,
ina kan benci a wurin mai shayi.
Ya zo da tambarin wasan, da launinsa, har da gaisuwa:
an zaɓe ka, zinariya dubu biyar kyauta,
saura minti goma.
Wanda ya tsara shi ya sani,
mai gaggawa ba ya karanta adireshi.
Akwai harafi ɗaya da ya yi yawa a sunan shafin,
yana zaune a tsakiya kamar tsakuwa a cikin wake.
Ban tauna ba. Haɗiyewa na yi.

Na rubuta sunana. Na rubuta kalmar sirri,
sunan ƙanwata Ramatu da shekarar haihuwata,
ita ce ta imel, ita ce ta komai,
makulli ɗaya ga ƙofa bakwai.
Sai lambobi shida suka shigo wayata,
a ƙarƙashinsu an rubuta: kada ka ba kowa.
Na bayar.
Da yatsana, ba wuƙa a wuya.

Da asuba ƙofa ta ce ba ta san ni ba.

Fuseini ya nuna min a wayarsa da la'asar:
ga Damisa can yana gudu a filin daga,
sulkena a jikinsa, tafiyar ba tawa ba,
yana aika wa abokaina saƙon nan dai
da sunana, da irin gaisuwata.
Biyu sun faɗa.
Idonsu na fi gudu, fiye da asarar.

Babana mai gadi ne a Kejetia, shekara ashirin da biyu.
Bai san wasan ba, bai san me ake harbi ba.
Ya saurare ni yana tsoma burodi a shayi,
ya ce, "Tun da nake gadi, sau biyu na ga an fasa kwaɗo.
Sauran duk sallama ɓarawon ya yi.
Ya zo da riga mai guga, ya ce mai shago ne ya aiko shi,
ya ce sauri yake yi."
Ya ɗaga tarin makullan da ke ƙugunsa, suka yi ƙara.
"Duba, ko biyu ba su yi kama ba.
Nauyi gare su, i. Don nauyin ake biyana."

Kwana goma sha ɗaya ina rubuta wa masu wasan,
da rasidin MoMo na sidi arba'in
wanda na ajiye ban san dalili ba.
Sun maido min gidan, an yashe shi.
Sulke ya tafi, bindiga ta tafi, an sayar.
Damisa na tsaye da singileti kamar ranar farko.

Yanzu kowace ƙofa da makullinta,
doguwar magana da ba sunan kowa a ciki,
a bayanta kuma sakata ta biyu.
In saƙo ya ce in yi sauri, sai in kifa wayar,
in zura zare a allura, in gama hannun riga tukuna.

Jiya wani ya sake zuwa: zinariya dubu goma.
Na nuna wa Baba. Ya matso da wayar kusa da ido,
ya daɗe yana kallo, shi da ba ya karanta boko,
ya miƙo min, ya ce,
"Rigarsa ta sha guga."